BAKWAINI DA ƊAN TAKWAS

Akwai wata magana da na tashi ina ji a bakin tsofaffin garinmu, Magarya ta ƙasar Wurno, tun ban san ma'anarta ba har na zo na sani. Maganar kuwa ita ce, wai bakwaini yana rayuwa, amma ɗan wata takwas ba ya zama. Ba a Magarya kaɗai ake faɗinta ba, domin na ji ta a bakin danginmu na Rabah, na kuma ji ta a Goronyo, har ma a nan makaranta na tarar da abokan karatu daga Katsina da Zariya waɗanda suka ce haka kakanninsu ke faɗi. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa wannan magana kuskure ce, kuma kuskure ne irin wanda ke cin rai, sa'an nan in faɗi abin da nake gani ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin Hausa, game da gyaranta. Ni ba likita ba ne. Amma dalili ya sa na bi diddigin al'amarin, kuma da dalilin zan fara.

Cikin hunturun shekarar da na shiga jami'a, wata yayata ta zo goyon ciki gida, ga cikinta na fari. Wani dare, ana sauran kwanaki masu dama a lissafinta, faya ta fashe, kafin asuba ta sauka, aka sami ɗa namiji. Yaron ya yi kuka, yana da gashi, faratansa sun fito, illa dai ƙanƙane ne, kuma in an sa masa nono sai ya ɗan tsotsa ya saki. Ungozoma ta ƙidaya watanni da yatsunta, ta dubi kakarmu, ta ce da ƙaramar murya, "Inna, wanga na takwas na." Daga nan sai na ga jikin kowa ya mutu. Aka yi masa wanka da safe, aka sake yi da yamma kamar yadda ake yi wa kowane jariri, aka naɗe shi da zane aka kwantar da shi gefe guda bisa gado, ita kuma uwar, saboda kunyar ɗan fari, ko kallonsa ba ta iya yi gaban mutane, balle ta rungume shi. Na ce da kakarmu, "Inna, ko a kai shi asibiti?" Ta ce, "Ɗana, bari wahal da kanka, ɗan takwas baƙo na." Ranar kwana huɗu, da sanyin asuba, aka taɓa shi aka ji ya yi sanyi. Ba a ko kai ga suna ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a unguwar nan tamu akwai wata yarinya da kowa ke kira bakwaini, wadda aka haifa shekara biyu kafin wannan. Ita da aka haife ta, an naɗe ta cikin auduga, an rufe tagogin ɗaki, an ajiye kaskon wuta, an hana kowa shiga sai uwa da kaka, ba a kuma yi mata wanka ba sai da ta yi ƙwari. Nono ma tatsa ake yi ana ɗiga mata da ƙaramin cokali. Tana nan yau tana zuwa makarantar allo. Tun daga lokacin nake tambayar kaina, shin watan ne ya raba tsakanin yaran nan biyu, ko kuwa hannun da ya karɓe su?

Asalin maganar

Da na shiga bincike, sai na tarar ashe maganar ba tamu ba ce, aro ce, kuma tsohuwar aro. Tana cikin littattafan likitancin Yunanawa waɗanda ake jingina wa Bukratu, wanda Turawa ke kira Hippocrates, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A ganinsu wai jariri yakan yi yunƙurin fita a wata na bakwai, in ya fita ya tsira, in bai fita ba sai ya galabaita, yana jinyar wannan gajiya a wata na takwas, saboda haka in an haife shi a lokacin wahala biyu ta haɗu masa. Masana taurari na zamanin da suka ƙara wa miyar gishiri. Suka raba watannin ciki ga taurari bakwai, wata na fari na Zuhal, a bi da bi har na bakwai ya faɗa wa Wata, sai na takwas ya sake komowa ga Zuhal, tauraron da suke danganta wa sanyi da bushewa da mutuwa, na tara kuma ya zama na Mushtari mai sa'a. Littattafan Yunanawa an juya su zuwa Larabci, kuma ina kyautata zaton ta wannan hanya ce maganar ta gangaro har ta iso zaurukanmu, daga zaure ta shiga cikin gida. Abin lura shi ne, tun a can ma ba kowa ya yarda ba. Aristo ya ambata cewa a Masar 'ya'yan wata takwas suna rayuwa.

Wani zai ce ai maganar tana da tushe a addini. Iyakar abin da na sani, abin da malaman fiƙihu suka tsayar daban ne. Sun haɗa aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf, wadda ta ƙidaya ciki da yaye wata talatin, da aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta sa cikar shayarwa shekara biyu, suka cire ashirin da huɗu daga talatin, suka ce mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ne. Wata shida na ƙamariyya kwana 177 ne ko kusa da haka, wato mako 25 da 'yan kwanaki daga shigar ciki, wanda a lissafin asibiti ya kama mako 27. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, zai ga yadda ya yi kusa da iyakar da likitocin ƙasar nan ke aiki da ita. Haka kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi na ƙasar Sakkwato, abin da ya sa jariri ya ci gado a kuma yi masa salla shi ne ya faɗo da rai ya yi kuka. Ba a tambayi ko watansa nawa ba. Ga shi kuma mu mutanen Wurno muna maƙwabtaka da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a nan a 1837, mutumin da ya zauna ya wallafa littattafai a kan maganin ciwon ido da na basir. Ban ga yadda za a yi jikokin almajiransa su ɗauki lissafin Zuhal su bar neman magani ba.

Abin da awo ya nuna

Likitoci da mako suke ƙidaya ciki, suna farawa daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, cikarsa kuwa mako 40 ne, wato kwana 280. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka haifa kafin mako 37 ya cika bai isa haihuwa ba, ta kuma kasa su uku: na ƙasa da mako 28, da na 28 zuwa ƙasa da 32, da na 32 zuwa 37. In an kwatanta da lissafinmu na gida, bakwaini na gaskiya shi ne na mako 28 zuwa 31, ɗan takwas kuwa na 32 zuwa 35. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a duniya, Nijeriya ce ta uku bayan Indiya da Pakistan, da kimanin 770,000. A 2019 kuma yara kusan 900,000 ne suka mutu saboda wahalhalun da haihuwa kafin lokaci ke jawowa.

Me ke kashe su? Babban abu huhu ne. Cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska ƙanana ainun, kuma akwai wani ruwa mai santsi, likitoci na kiransa safaktan, wanda ke hana su manne wa juna in an fitar da numfashi. Wanda ya taɓa hura jiƙaƙƙiyar leda ya san yadda take liƙewa, to haka huhun da ba shi da wannan ruwa yake, kowane numfashi sai jariri ya yi kamar na farko, har ya gaji. Jiki yakan fara yin safaktan wajen mako 24, amma ba ya wadata sai wajen mako 34 zuwa 35. Wata likita Ba'amurkiya, Mary Ellen Avery, da abokin aikinta Jere Mead ne suka gano a 1959 cewa rashinsa ne ke kashe waɗannan jarirai. Na biyu sanyi, domin fatarsu sirirya ce, ba su da kitsen da zai riƙe ɗumi. Na uku ci, domin haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya daidaita sai wajen mako 34. Na huɗu ƙwayoyin cuta, waɗanda ke shiga ta cibiya ko ta hannun masu ɗauka. Duk huɗun nan, kowane mako da jariri ya ƙara a ciki sauƙi suke yi. Ɗan mako 28 nauyinsa kilo ɗaya ne ko sama kaɗan, ɗan mako 34 ya haura kilo biyu. Babu wani mako a tsakani da al'amari ke juyawa baya.

Alƙaluma ma haka suka nuna. A wani bincike da aka buga a 2022 a kan manyan asibitocin koyarwa na Amurka, wanda ya duba haihuwar 2013 zuwa 2018, cikin jariran mako 22 kashi 11 cikin ɗari ne suka rayu har aka sallame su, in kuma an ƙidaya waɗanda aka yi wa cikakken taimako kaɗai, kashi 30. A mako 23 waɗanda aka taimaka sun haura rabi, a mako 28 kuwa kashi 94 ne suka rayu. Daga 32 zuwa sama, a can, kusan duka suke rayuwa. Har an kai ga cewa a jihar Iowa wani yaro da aka haifa a 2024 yana mako 21, nauyinsa bai kai giram 300 ba, ya rayu. Wannan dai abin al'ajabi ne, ba abin kafa hujja ba.

Akwai labari guda da na san tsofaffinmu za su so ji, don a zahiri kamar ya gaskata su. A watan Agusta na 1963 matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi ɗa ana sauran mako biyar da rabi, wato a lissafinmu ɗan takwas. Duk da dukiya da likitocin ƙasar, sa'a 39 kawai ya yi ya rasu, saboda ciwon huhun nan. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne darasin. A 1971 George Gregory ya fito da dabarar hura wa jariri iska a hankali ba yankewa don jakunkunan huhu su zauna a buɗe. A 1972 Graham Liggins da Ross Howie na ƙasar New Zealand, bayan Liggins ya lura da abin a jikin tumaki, suka nuna cewa in an yi wa uwa wata allura kafin ta haihu, huhun ɗanta yakan nuna da wuri. A 1980 Tetsuro Fujiwara na Japan ya zuba safaktan cikin huhun jarirai suka farfaɗo. Yau ɗa irin na Kennedy, a asibitin da ke da kayan aiki, da wuya ya mutu. Zuhal yana nan inda yake a sama, ilimi ne ya ƙaru.

To, mu fa? Nan ne maganar ke da ɗaci. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2012 ya ce a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran ƙasa da mako 28 suna mutuwa cikin kwanakin farko, alhali a ƙasashe masu arziki waɗanda ke mutuwa ba su kai kashi 10 ba. Na mako 32 zuwa ƙasa kuma rabinsu ke mutuwa a wurinmu. Shi ya sa likitocin Nijeriya suka daɗe suna ɗaukar mako 28 a matsayin iyakar da ake sa ran rayuwa, abin da ya faɗi ƙasa da nan a lissafa shi cikin ɓari. Wato ke nan damar jariri abu biyu ke yanke ta, makon da aka haife shi da wurin da ya faɗo. Amma ko a Boston ko a Magarya, ɗan mako 34 ya fi ɗan mako 29 kusa da rayuwa nesa ba kusa ba.

Me ya sa tsofaffi suka gaskata?

Ba na son a ɗauka ina raina hankalin iyayenmu mata. Mutane ne masu lura, kuma ungozomar ƙauye ta karɓi haihuwa fiye da yadda ni na karanta littattafai. In sun ce sun gani, sun gani. Tambayar ita ce, me suka gani?

Da fari, lissafin ne ba shi da tabbas. Macen da ke shayarwa ta yi ciki ba ta ga jini ba, ko yarinyar da kunya ta hana ta faɗi sai ciki ya fito, da me za a ƙidaya mata? Da azumi da salla da girbin gero. Kuskuren wata guda a irin wannan lissafi ba kome ba ne. Saboda haka da yawa daga waɗanda ake kira bakwaini 'yan mako 33 ko 34 ne, wasu ma sun cika wata tara, ƙanƙancewa kawai suka yi a ciki saboda zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jinin uwa. Irin waɗannan su ne ke rayuwa su ɗaukaka sunan bakwaini. Sa'an nan akwai gyaran lissafi bayan an ga sakamako, wanda ɗan'adam ke yi ba da niyya ba. Ƙaramin jariri in ya rayu sai a ce ai bakwaini ne, in ya mutu sai a ce ashe na takwas ne. Bakwainin gaskiya kuwa da ya yi sa'a biyu ya koma, sau da yawa ɓari ake ce masa, ba ya shiga ƙidaya.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna, shi ne kuma na gani da idona. Bakwaini ana sa masa rai, don haka ana ba shi auduga da ɗumi da tatsattsen nono. Ɗan takwas kuwa ya faɗa tsakanin kujera biyu na rashin sa'a: ko a ga girmansa a yi masa yadda ake yi wa cikakken jariri, wanka safe da yamma cikin hunturun bakin fadamar Rima, ko a ji sunan watansa a sallama shi tun yana numfashi. In ya mutu sai a ce ga shi, an faɗa. Maganar ita ke kashe shi, sa'an nan mutuwarsa ta zama shaidarta.

Kwalba ko ƙirji

In aka yi zancen bakwaini, abin da ke zuwa zuciyar ɗan boko shi ne kwalba, in ɗan siyasa ne kuma sai ya sayo ta a ɗauki hoto. Ba na musun amfaninta. Jaririn ƙasa da mako 32, ko wanda ke nishi ƙirjinsa na lotsawa, wurinsa sashen jarirai irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da masu sanin aikin. Amma kwalba tana son wutar lantarki dare da rana da ma'aikaciyar jinya a kanta, ga shi kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ƙari a kan haka, tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, har suka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, mai mota ba ya son fita da dare, naƙuda kuwa ba ta san dare ba. Abin da ya kamata a tuna shi ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari na jariran da ba su isa haihuwa ba 'yan mako 32 zuwa 37 ne, wato 'yan takwas ɗin nan da muke sallamawa su ne mafi yawa, su ne kuma mafi sauƙin ceto, akasarinsu ba su bukatar kwalba.

A 1978 wani likita mai suna Edgar Rey, a birnin Bogota na Kolombiya, ya rasa isassun kwalabe, jarirai biyu uku a kwalba guda suna shafa wa juna cuta. Sai ya sa iyaye mata su ɗora jariran tsirara a tsakanin nonuwansu, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane, a sa musu hula. Jikin uwa ya zama murhu wanda ba ya zafi fiye da kima kuma ba ya hucewa, nono yana kusa, motsin numfashinta yana tunatar da jariri nasa. An raɗa wa dabarar sunan kangaru, dabbar Ostireliya mai jaka a ciki. A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, namu a Ile-Ife, a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take kashi 12 cikin ɗari suka mutu, waɗanda aka jinkirta sai sun daidaita a kwalba kusan kashi 16. A kan haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara tun daga haihuwa, a yi sa'a 8 zuwa 24 kowace rana. In uwa ta gaji ko kunya ta hana ta, kaka ko goggo ko uba ma yana iya karɓa. Ina tuna yayata da kakarmu zaune a ɗaki guda da yaron nan, ƙirji biyu ga su, zane ga shi.

Sauran abubuwan ma ba su fi ƙarfinmu ba. A jinkirta wanka aƙalla sa'a 24, ga ƙaramin jariri kuwa fiye da haka, a goge shi kawai. Kada a zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na farko, in bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ɗan kofi mai tsabta. A bar gashin cibiya da tsumma da toka, a shafa maganin kuloheksidin, wanda Jihar Sakkwato ce ta fara rarraba shi gunduma gunduma a 2013. A ɗaga wa wanzami ƙafa, jaririn da bai kai kilo biyu ba ba shi da jinin da zai bayar wajen cire belu. Wannan duka ba ya hana a kai shi asibitin Wurno ko Rabah ko Goronyo da gari ya waye a auna shi, kuma a ƙirjin ne ya kamata ya yi tafiyar.

Allurar nan ta Liggins kuwa, wadda yanzu deksametazon ake yi, tana da wani darasi da ya komo da mu kan lissafi. Gwajin da aka buga a 2020, wanda asibitocin Nijeriya na ciki, ya nuna ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari ga matan da ke tsakanin mako 26 da 34. Amma wani gwaji da aka buga a 2015, inda aka yi ta bayar da ita a ƙananan wurare ba tare da tabbacin makon ciki ba, mutuwar ƙaruwa ta ɗan yi. Ashe ko maganin ma sai an san mako yake amfani. Sanin mako kuwa sai an je awo da wuri an yi hoton ciki, a can ne kuma ake ba da maganin rigakafin zazzaɓi da na ƙarin jini, a auna hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga, waɗanda duk suna cikin abubuwan da ke fito da ɗa kafin lokacinsa.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a gida: ajali ne. Na yarda, kuma ban ce da an ɗora ɗan yayata a ƙirji lalle da ya rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma manomin Wurno da ya yi imani arziki na Allah ne bai taɓa barin albasarsa ba ban ruwa ba. Akwai kuma tambaya mai nauyi wadda ba ni da amsarta a dunƙule. In an haifi ɗan wata shida a Magarya, shin magidanci ya sayar da shanun nomansa ya nufi Sakkwato, alhali damar ƙanƙanuwa ce, kuma cikin masu tsira a wannan mataki akwai waɗanda ke tashi da lalurar ido ko ji ko ƙwaƙwalwa? Ba zan zargi wanda ya tafi ba, ba kuwa zan zargi wanda ya rungumi ɗansa ya yi masa addu'a a gida ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki hukuncin da ya dace da ɗan mako 24 a yanke wa ɗan mako 34.

Rabonmu a ciki

Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni me ya haɗa Sashen Hausa da ɗakin haihuwa. Na ce masa kalma. Hausa tana da ɓari, tana da bakwaini, tana da cikakken ɗa, amma tsakanin bakwai da tara ba ta da suna sai mummunar magana. Ma'aikaciyar asibiti in ta ce da uwa ɗanta bakwaini ne, tana nufin duk wanda bai kai mako 37 ba, ita kuwa uwar wata bakwai take ji, ta koma gida ta ƙidaya ta ga takwas, sai hankalinta ya tashi ko ta ce asibiti ba su san lissafi ba. Ina ganin mafita ita ce a bi ma'aikatan, a faɗaɗa kalmar da gangan, a yi ta nanatawa a rediyo da wajen wa'azi da wajen suna cewa duk ɗan da ya riga lokacinsa bakwaini ne, don ɗan takwas ya gaji audugar da gatan da kalmar ke ɗauke da su. Haka nan sunan kangaru, dabbar da ba wanda ya taɓa gani a Rabah, bai kamata a kai shi ƙauye ba. Muna da goyo, kowace mace ta iya ɗaurin zane da majanyi, sai a ce goyon ƙirji, kowa ya gane. Ina kuma roƙon malamanmu na al'ada su ba ɗalibai aikin kundin digiri a kan wannan fage, a je a zauna da ungozomomi a rubuta yadda suke ƙidayar ciki da yadda suke renon bakwaini, domin rabin abin da Bogota ta gano yana hannunsu tun da daɗewa.

Da na je hutun da ya wuce na gwada wannan magana a kan kakarmu. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita dai abin da ta gada ke nan, amma ta yarda cewa ɗumi bai taɓa kashe jariri ba. Yayata tana da wani cikin yanzu, ta fara zuwa awo tun yana wata uku, kuma na ga katinta, an rubuta makon da take ciki da ranar da ake sa ran saukarta. Na karanta wa Inna adadin, ta sa na maimaita, sa'an nan ta tambaye ni mako nawa ne a cikin wata takwas.